Raddi ga Masu Cewa Cecil ne Ya Kitsa Makircin Albarushi

Tun 1897 da limamin Katolika John Gerard ya fitar da littafinsa, wasu ke ta nanata cewa makircin tarwatsa majalisar Ingila da Sarki James na Ɗaya a 1605 ƙage ne, wai babban wazirin sarki Robert Cecil ne ya shirya shi don ya shafa wa 'yan Katolika kashin kaji.

Hujjarsu ta farko ita ce, albarushi a hannun gwamnati yake, to ina mutane za su samo ganga 36? Amma a 1604 aka ƙulla sulhu da Sifaniya, aka bar albarushin yaƙi birjik, mai kuɗi yana iya saye. Robert Catesby, jagoran makircin, da mutanensa kuwa ba talakawa ba ne.

Ta biyu, wasiƙar gargaɗi marar sa hannu da ta iske ɗan majalisa Lord Monteagle ranar 26 ga Oktoba 1605, wai da hannun Cecil a cikinta. Na yarda Cecil ya yi shiru ya bar ƙurji ya nuna, ya kuma ci ribar abin son ransa. Sai dai jin labarin ɓarawo daban, aiko shi daban.

Ta uku ce ta fi rauni: wai an kashe Catesby da abokin makircinsa Thomas Percy ne don a toshe musu baki. Masu faɗin haka idonsu na kan Landan, sun manta da tsakiyar ƙasar, inda jijiyar makircin take. Wa ya tara mahaya a Dunchurch da sunan farauta, kusa da Coombe Abbey inda Gimbiya Elizabeth, 'yar sarki mai shekara 9, take zaune? Everard Digby ne, ɗaya daga cikin mutanen Catesby. Wa ya fasa bargar fadar Warwick ya kwashe dawakai? Catesby da 'yan rakiyarsa. Wannan ta'asar ce ta sa Richard Walsh, jami'in doka na Worcestershire, ya bi sawunsu da mutum kamar 200 har gidan Holbeche ranar 8 ga Nuwamba. Kafin ya iso ma sun shanya jiƙaƙƙen albarushi gaban wuta, tartsatsi ya faɗa ciki, ɗayansu, John Grant, ya makance. A arangamar da aka yi a Holbeche ne aka kashe Catesby da Percy, alhali gwamnati da rai take neman Percy.

Saura batun azaba. Gaskiya ne an gana wa Guy Fawkes, wanda aka kama yana gadin albarushin, uƙuba, sa hannunsa mai karkarwa shaida ne. To Oswald Tesimond fa? Limamin Katolika ne da ya tsere daga Ingila, ya rubuta labarin a inda hannun Cecil ba ya kai, bai kuma musanta cewa Catesby ne ya ƙulla abin ba.