Gadon Inna ya fi sabon saiti: mu daina jin kunyar gyara



Lokacin bikin yayata a Maraɗi, Inna ta fito da gadonta na aure da tsohuwar durowarta, ta ce a gyara a kai wa amarya. Wallahi sai ka ce saɓo ta yi. Gwaggonni suka yi mata ca: "Ɗiyar fari guda a kai ta da gwanjo? Me ƴan ganin ɗaki za su ce?" Ni ma da digirina ina cikin masu dariya. Aka ba dillaliya kayan a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Inna ta kwashe adashinta, Baba ya ci bashi, aka sayo sabon saiti mai ɗaukar ido.

Damanar 2024 ruwa ya shiga ɗakin yayata, bai ma wuce idon sawu ba. Cikin kwana uku ƙafafun gadon suka kumbura suna zubar da gari kamar dusa. A lokacin Baba bai gama biyan bashin ba.

Daga baya wani kafinta ya fahimtar da ni dalili. Yawancin saitin nan masu walƙiya garin katako ne aka cuɗa da gam, aka matse, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Da ruwa ya taɓa shi, shi ke nan. Gadon Inna kuwa madaci ne, ya yi sama da shekara 30 ana kwana a kansa, fentinsa kawai ya koɗe.

Mu duba lissafi. Nijar ba ƙasar dazuzzukan katako ba ce, allunan da kafintocinmu ke aiki da su daga ƙasashen kudu ake shigo da mafi yawansu. Mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata. Saiti ɗaya na amarya yakan cinye irin wannan albashi na watanni da yawa. To mutanen da ke cikin wannan hali su ne za su riƙa yar da katako mai kyau don tsoron bakin mutane?

Abin mamaki, mu ɗin nan ne muke kwana a TikTok da Facebook muna kallon Turawa suna tsinto tsohuwar kujera a bakin titi, su goge, su shafa fenti, muna ta yaba musu. A yi haka a gidanmu, sai mu ce talauci ne.

Bayan abin da ya samu yayata, na shiga kasuwar Katako a nan Yamai na sayi tsohon tebur mai ƙafa ɗaya tana rawa. Asabar da Lahadi biyu ya ɗauke ni. Ga abin da na koya:

Kafin ka biya, kifa kayan ka duba ƙasansa. In ka ga layin jijiyar ice, katako ne na gaske. In gari ka gani a matse, bar shi. Ƙananan ramuka masu zubar da farin gari alamar ƙwaro ce, sai a yi hattara.

In gado ne ko kujera, kwance shi, ka wanke mahaɗansa da tafasasshen ruwa, ka shanya a rana. Kuɗin cizo a nan yake ɓuya, kuma ba ya jure zafi mai tsanani.

Goge da samfefa mai kaushi, lamba 80, sannan 120, ka ƙare da 220, kana bin tsawon jijiyar icen. Yi a waje, ka rufe hanci da baki, yara su yi nisa, don tsohon fenti yana iya ƙunsar gubar dalma.

Ƙafa mai rawa, gam ɗin katako ne maganinta. Ɗaure da robar tsohuwar taya ta kwana. Fenti ko man sheƙin katako a shafa siriri sau biyu, kada a yi ranar da iskar hunturu ke tada ƙura. Gadon ƙarfe kuma buroshin waya, fentin hana tsatsa, da mai walda in akwai karaya.

Na san za a ce wannan kashe kasuwar kafintoci ne. A'a. Abin da ya fi ƙarfinka su za ka kai wa, masu ɗinkin kujeru da masu walda su ma su samu. Kuɗin ya tsaya a unguwa.

Maganar da ta fi nauyi ita ce: ba mai rubutu a Facebook ake yi wa gori ba, amarya ce ke shan habaicin dangin miji. Gaskiya ne. Shi ya sa nauyin yana kanmu samari. Kai da za ka yi aure, je ka gaya wa mahaifiyarka da ƴan uwanka mata tun kafin a kawo kaya: "Duk abin da iyayenta suka kawo, sabo ko gyararre, na karɓa, kada wanda ya tanka mata." Ke ma ƙanwar ango, ranar ganin ɗaki ki kama bakinki.

Kuma a fada, maimakon shayi uku da gardamar ƙwallo kawai, mu jawo kujerar nan da ta karye a zaure mu gyara tare. Wanda ya yi, ya ajiye mana hoton kafin da bayan gyara a ƙasan wannan rubutu.

Ni dai har yau in na zauna a teburina, gadon Inna nake tunawa, da dariyar da na yi mata. Na je na ba ta haƙuri.