Cajin sabuwar wayar salula: tsohuwar shawara ta daina aiki

Tun daga watan Yunin 2025, Tarayyar Turai ta wajabta cewa batirin duk wayar salula ta zamani da za a shigar kasuwanninta sai ya jure caji sau 800, ba tare da ƙarfinsa ya gaza kashi 80 cikin ɗari ba.

To sai dai ƙarkon batiri ya dogara ne kuma ga yadda ake cajinsa.

Har yanzu wasu 'yan kasuwa kan shawarci mai saye da ya bar sabuwar waya a caji na sa'o'i takwas, shawarar da aka gada daga zamanin batiran nikel.

Batirin lithium na yanzu ba ya buƙatar haka. Zafi ne ke tsufar da shi, da daɗewa a cike, da barinsa ya ƙare ƙarƙaf.

Shi ya sa a 2019 kamfanin Apple ya ɓullo da tsarin jinkirta caji idan ya kai kashi 80.

A Kano ko Damagaram kuwa, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, da wuya mutum ya cire waya kafin ta cika. Abin da zai iya shi ne ya nisanta ta da rana, ya kuma guji caja maras inganci.