Ahmed Musa, Kano Pillars da makomar matasan 'yan ƙwallon Arewa

A watan Disambar 2025 ne Ahmed Musa ya sanar da cewa ya daina buga wa Najeriya ƙwallo, bayan shekara 15 yana sanye da rigar Super Eagles.

Bisa lissafin da ake yi a Najeriya, ya buga wa ƙasar wasa 111, adadin da babu wani ɗan wasa da ya taɓa kaiwa. Kafin shi, Joseph Yobo da Vincent Enyeama ne ke kan gaba da wasa 101 kowannensu.

To sai dai ritayar tasa ta zo ne a daidai lokacin da ya ɗauki wani nauyi da ya fi cin ƙwallo wuya. A watan Yulin 2025 gwamnatin jihar Kano ƙarƙashin Abba Kabir Yusuf ta naɗa shi janar manajan Kano Pillars, alhali kuwa yana cikin 'yan wasan ƙungiyar.

Ko wannan naɗi zai haifar da ɗa mai ido, tambaya ce da ba Kanawa kaɗai ta shafa ba. Ta shafi yaran da ke buga ƙwallo da la'asar a filayen makarantun firamare na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa a jihar Jigawa, domin kuwa Pillars ce babbar ƙofa mafi kusa da su.

Ƙwallo 18 a kaka ɗaya

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga watan Oktoban 1992, kuma ya fara ne a makarantar horas da 'yan wasa ta GBS da ke garin. Daga nan aka ba da aronsa ga ƙungiyar JUTH, sannan ga Kano Pillars.

A Kano ne tauraruwarsa ta haska. A kakar 2009 zuwa 2010 ya zura ƙwallo 18 a gasar Firimiyar Najeriya, ya shafe tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. A lokacin bai cika shekara 18 ba.

Ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holand ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ta jira har watan Oktoba kafin ta sa shi a wasa, saboda dokar hukumar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa matuƙar bai kai shekara 18 ba.

A farkon 2012 ya koma CSKA Moscow, inda ya yi zamansa mafi albarka a Turai. Ya lashe gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. Leicester City ta saye shi a 2016 kan fam miliyan 16.6, jim kaɗan bayan ta ba duniya mamaki da lashe gasar Firimiyar Ingila.

Zaman Ingila bai yi masa daɗi ba. Gudun da ya sa ake tsoronsa a Rasha bai wadatar ba a can, ya yawaita zaman benci, har aka mayar da shi CSKA aro a 2018. Daga baya ya tafi Al-Nassr ta Saudiyya, ya ci gasar ƙasar a 2019, sannan ya buga wa Fatih Karagümrük da Sivasspor a Turkiyya.

Abin da 'yan Najeriya za su daɗe suna tunawa shi ne gasar cin kofin duniya. Ya ci Ajantina ƙwallo biyu a Brazil a 2014, ko da yake an doke Najeriya da ci 3 da 2, ya kuma ci Iceland biyu a Volgograd a 2018. Ƙwallaye huɗun nan sun sa ya zarce kowane ɗan Najeriya a tarihin gasar. Yana kuma cikin tawagar Stephen Keshi da ta ɗauko kofin Afirka a 2013.

Darasi daga Wales

Wani abin sha'awa shi ne, shi ma Gareth Bale wasa 111 ya buga wa Wales kafin ya yi ritaya a watan Janairun 2023. Kwatanta mutanen biyu ta fuskar kofuna ba adalci ba ne, tun da Bale ya ɗauki kofin zakarun Turai sau biyar a Real Madrid. Inda kwatancen ke da amfani shi ne hanyar da kowannensu ya bi.

Wales yanki ne na Birtaniya mai mutane kimanin miliyan 3.1. Jigawa ta fi ta yawan jama'a, domin tun a ƙidayar 2006 ta haura miliyan 4. Gasar cikin gida ta Wales ba ta da ƙarfi, kuma manyan ƙungiyoyinta, Cardiff City da Swansea City da Wrexham, a gasannin Ingila suke wasa.

Duk da haka, yaro ɗan Cardiff ba ya ɓacewa. Bale yana ɗan shekara tara masu farautar 'yan wasa na Southampton suka gano shi, aka yi masa rajista, aka riƙa bibiyar ci gabansa har ya fara buga wa babbar ƙungiyar yana da shekara 16 a 2006. Tottenham ta ɗauke shi a 2007, Real Madrid kuma ta biya kusan fam miliyan 85 a kansa a 2013. Bai taɓa buga wa wata ƙungiyar Wales a matsayin ƙwararren ɗan wasa ba, amma shi ne ya ja ragamar ƙasar zuwa wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2016, da kuma gasar cin kofin duniya ta 2022, karon farko tun 1958.

Ke nan ƙaramin wuri na iya rayuwa a inuwar babban maƙwabci, muddin akwai tsani daga ƙasa zuwa sama.

Kazaure ta fi kusa da Kano

Haka lamarin yake ga arewa maso yammacin Jigawa. Har zuwa watan Agustan 1991 yankin yana cikin jihar Kano ne, kuma Kazaure, da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, ta fi kusa da birnin Kano a kan Dutse. Gwiwa da Roni na maƙwabtaka da jihar Katsina, Babura kuwa na bakin iyakar Jamhuriyar Nijar.

Ƙungiyar jihar, Jigawa Golden Stars, ta faɗo daga babbar gasar Najeriya a 2021, kuma har aka shiga kakar 2025 zuwa 2026 ba ta koma ba. Saboda haka matashin da ya ƙware a Roni ko Babura, idonsa na kan Kano ko Katsina ne.

Matsalar ita ce matakan farko na tsanin. Akasarin ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye ba su da rajista, kuma ba sa ajiye takardun da ke nuna shekarun da yaro ya yi a hannunsu. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A ciniki irin na Leicester, wannan kaso ya kai kimanin fam dubu 830. Ƙungiyar da ba ta cikin kundin rajista ko sisi ba za ta gani ba, komai wahalar da kocinta ya sha.

Ga kuma gidajen kallon ƙwallo, waɗanda suka sa matashi a Kazaure ya fi sanin 'yan benci na Arsenal ko Barcelona a kan 'yan wasan da ke tazarar tafiyar sa'a ɗaya ko biyu daga gidansu.

Ɗan wasa kuma shugaba

Ahmed Musa ya dawo Pillars sau biyu, na ɗan lokaci a 2021, sannan a watan Oktoban 2024, inda ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu a wasansa na farko. Dawowar ta ja 'yan kallo zuwa filin wasa na Sani Abacha, ta kuma sa kafofin watsa labarai sun waiwayi gasar cikin gida. Ya zuba dukiyarsa a Kano, inda ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki a 2017.

Amma ƙungiyar da ya karɓa ba ita ce wadda ya bari ba. Pillars ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta lashe gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2022 kuwa ta faɗa rukuni na biyu, bayan kakar da aka zaftare mata maki saboda tarzoma, kafin ta farfaɗo a 2023.

Cutar ba ta warke ba. A watan Oktoban 2025, wata uku da naɗin nasa, magoya baya suka kutsa cikin fili bayan an tashi kunnen doki 1 da 1 da Shooting Stars ta Ibadan, suka far wa alƙalan wasa. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9.5, ta cire mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Katsina. Ahmed Musa ya fito ya nemi afuwa.

Haɗa muƙamin manaja da na ɗan wasa shi ma yana da nasa cikas. Koci ne ke da ikon ajiye ɗan wasa a benci, amma da wuya ya yi hakan ga mutumin da ke sama da shi a ofis. Sannan Pillars mallakar gwamnati ce, kamar galibin ƙungiyoyin Najeriya. Kuɗinta daga baitulmali yake fitowa, shugabanninta kuma sukan sauya da sauyin gwamna, abin da ke sa tsarin renon yara na shekara goma ya yi wuyar ɗorewa.

Yanzu ma Pillars ta samu kishiya a gida, domin Barau FC, ta mataimakin shugaban majalisar dattawa Barau Jibrin, ta hau babbar gasar a 2025. Ƙungiyoyi biyu daga Kano na nufin ƙarin guraben gwaji ga matasan Kazaure da kewaye. Ko za a kai ga aika masu farautar 'yan wasa zuwa gasannin ƙananan hukumomi a Gwiwa da Roni, a yi wa yaran rajista tun suna shekara 12, wannan ya dogara ne da kasafin kuɗin da ƙungiyoyin biyu za su ware, da kuma hukumomin ƙwallon ƙafa na jihohin Kano da Jigawa.