Kwamfutar wasan gem a Kano: Ba sunan kati ne ke nuna araha ba

Duk mai injin niƙa ko na sarrafa roba a Dakata ya san ba a sayen inji don kyawun fenti. Sai an tambayi ƙarfinsa, da yawan wutar da yake ci, da ko ana samun kayan gyaransa a gari. Haka manyan masana'antun Sharada da Challawa da Bompai suke lissafi, musamman tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga kusan Naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauto da shi. Sai dai mutumin da ya iya wannan lissafi a masana'anta, idan ya shiga Titin Beirut ko Farm Centre zai saya wa ɗansa kwamfutar tafi-da-gidanka, sau da yawa lambar da aka manna a jikinta ce ke yanke masa shawara.

Buƙatar yawancin gidaje ba ta da yawa. Yaro zai yi aikin makaranta, mahaifi zai duba lissafin shago ko takardun ofis, sannan da daddare a buga ƙwallon eFootball ko EA Sports FC, wadda aka sani da FIFA kafin 2023. Abin da ke raba kwamfutar da za ta iya wannan da wadda za ta riƙa sarƙewa shi ne katin sarrafa hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik. A nan ne kuma kuɗi ke tafiya.

Abin da ya sa farashi ya tashi

Kafin gwamnati ta saki Naira a watan Yunin 2023, ana canjin dala a hukumance a kan kusan Naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Kwamfutar da ake sayarwa dala 700 ke nan ta tashi daga kimanin Naira dubu 322 zuwa sama da miliyan ɗaya, tun ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 71 da Gwamnatin Kano ta amince da shi a ƙarshen 2024, kuɗin ya kusa albashin wata 15.

Dalili na biyu daga waje yake. Kamfanin Nvidia na Amurka, wanda da katin wasan gem ya yi suna, yanzu mafi yawan kuɗin shigarsa daga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira yake fitowa, har darajarsa ta kai dala tiriliyan biyar a watan Oktoban 2025. Waɗannan cibiyoyi sun yi ta kwashe ma'adanar ram daga kasuwa, farashinta ya yi sama a ƙarshen shekarar, kuma kamfanin Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu tambarin Crucial. Mai wasan gem ba shi ne ɗan lele a wurin masu ƙera waɗannan kaya ba yanzu.

Saboda haka yawancin masu saye suka koma wa kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. A nan ma akwai abin lura. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin ƙwaƙwalwar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas. A daidai lokacin ne Nvidia ya daina fitar da sababbin manhajojin inganta wasa ga katunan jerin GTX 10. Duk kwamfutar da aka yi ritaya da ita a can, hanyarta ta gaba kasuwanni irin namu ne. Za ta yi araha, amma ya kamata mai saye ya san dalilin arahar.

Kati ɗaya, ƙarfi daban

Abu na farko da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, a kusan duk kwamfutocin tafi-da-gidanka katin hoto a liƙe yake da allon ciki. Ana iya ƙara ram, ana iya sauya ma'ajiyar bayanai, amma ba a cire kati a sa wani kamar yadda ake yi wa kwamfutar tebur. Wanda ya ce maka ka saya yanzu daga baya a ƙara maka girafik, bai faɗa maka gaskiya ba.

Na biyu, suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. Katin RTX 4050 na iya aiki da wat 35 a siririyar kwamfuta, ya kuma kai wat 115 a mai kauri, alhali lambar da ke jikinsu iri ɗaya ce. Na uku, ba duk abin da aka rubuta wa Nvidia ne na wasa ba. Katunan jerin MX, irin su MX150 da MX250 da MX330, da ake ƙara wa kuɗi saboda su, ba su wuce katin da ke haɗe cikin sababbin ƙwaƙwalwa da wani abin kirki ba. Radeon 680M da ke cikin wasu ƙwaƙwalen Ryzen na 2022 ma ya fi su nesa ba kusa ba.

Ga mai tsofaffin wasanni irin GTA V na asali da ƙananan wasannin yara, Iris Xe na Intel ko Radeon 680M ya wadatar idan aka rage kaifin hoto, muddin ram ɗin ya kai gig 16 kuma sanda biyu ne, domin irin wannan kati daga ram yake aron wurin aiki. Mai son EA Sports FC kuwa ya lura cewa mafi ƙarancin abin da kamfanin ya gindaya wa zubin FC 24 shi ne GTX 1050 Ti mai gig 4. A nan GTX 1650 na 2019 ko RTX 3050 na 2021 su ne matsakaicin da ya dace da aljihu. Abin da ya haura haka na masu gasa ne da masu haɗa bidiyo.

Wuta da zafi da ƙura

Kuɗin mita ba shi ne matsalar ba. Kwamfutar da ke cin wat 180 na awa uku a kullum ba za ta wuce yunit 16 zuwa 17 a wata ba. Matsalar ita ce rashin wutar. Da zarar an cire caja, kwamfutar wasa tana rage ƙarfin katinta da kanta, batirin kuma ba ya jimawa. Mutanen Kano ba su manta da duhun ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da Arewa ta shafe sama da mako babu wuta. Kwamfuta mai cajar wat 65 za ta rayu da ƙaramar sola, mai wat 200 kuwa sai da inbata mai ƙarfi ko janareto.

Sai zafin bazara da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kati idan ya ɗau zafi sassauta gudu yake yi, kuma yawan zafin ne ke kashe shi. Idan ya mutu, allon ciki ne gaba ɗaya ya tafi, gyaransa kuma kan kusa kuɗin wata kwamfutar.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye ya buɗe Task Manager ya ga sunan katin da idonsa, ya kuma bambance ma'adanar katin ta kansa da wadda yake aro daga ram, domin akan haɗa su a faɗi babban adadi. Ya nemi a kunna masa wasa na aƙalla minti 20, ya saurari fanka, ya duba ko hoto na tsinkewa ko zane-zane na fitowa a fuska. Ya tabbatar cajar ta asali ce mai cikakken wat, kuma ƙwaƙwalwar tana karɓar Windows 11 ba tare da dabara ba. A ƙarshe ya karɓi rasit mai lambar kwamfutar da adadin kwanakin garanti.

Su ma 'yan kasuwar Beirut da Farm Centre suna da riba a nan. Shagon da ya fara rubuta wat ɗin kati da zubin ƙwaƙwalwa a jikin kaya, zai rasa cinikin wanda ake ruɗa da lamba, amma zai samu ma'aikacin da ya tara albashin watanni, wanda idan ya gamsu zai turo abokan ofis ɗinsa.