A Wanke Fim a Bakin Gona

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya ratsa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya kafu: shinkafa, tumatir da alkama. Mu ɗaliban Hausa mukan je can tattara kalmomin noma da waƙoƙin aiki, mu ɗauko hotuna a waya. To, ina hotunan waɗanda suka gabace mu? Wata wayar ta faɗa ruwa, wata an sace, wata an goge.

A ganina, duk ɗalibin da zai kafa tanti a Kadawa ya tafi da fim mai baƙi da fari, ya kuma wanke shi a can. Dodon hoton da aka wanke da kyau yakan yi shekaru aru-aru bai lalace ba, kuma ba ya bukatar caji.

Wani zai ce ina aka ga ɗakin duhu a daji? Ai ba a bukatarsa. Baƙar jaka ce mai hannuwa biyu, a cikinta ake naɗe fim a saka shi cikin ɗan gwangwanin da haske ba ya shiga. Sai a zuba maganin fito da hoto, irin su D-76 na Kodak, kamar minti goma, a ɗauraye, a zuba maganin kafe hoto, a wanke. Ana son ruwan ya kasance a digiri 20 na Salshiyas, shi ya sa daren hunturu ya fi dacewa. Sai dai ƙura abokiyar gaba ce, don haka a shanya fim cikin tanti a rufe.

Babban amfanin shi ne, da gari ya waye ɗalibi zai ɗaga fim ɗinsa ya duba. In hoton ya ɓaci, manomin yana nan, sai a sake ɗauka. Wanda ya bari sai ya koma Kano, lokacin shuka ba ya jiransa.

Amma fa a kiyaye. Maganin kafe hoto yana ɗauke da azurfa, mai illa ga halittun ruwa. Kada a zubar da shi a magudanar da jama'a ke ban ruwa da shayar da dabbobi; a ɗura a galan a komo da shi.

Daga ƙarshe, ina roƙon malamanmu su tanadi waɗannan kayayyaki, da ma'ajiyar dodon hoto a sashe. Allah ya sa mu dace, amin.