Wa Ya Ce Motar Kara Shirme Ce?

Jama'a, na san wasu za su ce duk matsalolin da ke damun ƙasar Hausa, an rasa abin da za a ɓata takardar Ƙungiya a kansa sai kayan wasan yara. To, a yi haƙuri a karanta tukuna.

Da hutun Babbar Salla na je gida, wani ƙauye a ƙasar Dambatta. Yayana da ke aiki a birni ya zo wa ɗansa da tsaraba, wani mutum-mutumi na roba, ja da shuɗi, wanda in an lanƙwasa hannuwansa, aka cusa kansa ciki, aka naɗe ƙafafunsa, sai ya koma babbar mota. Kafin la'asar yaran unguwa sun cika zaure maƙil. A ƙofar zauren kuwa ga motocin kara guda huɗu da suka yini suna ƙerawa, an watsar, har akuya ta take ɗaya. Sai wani dattijo ya ce, "Yauwa, ga abin wasa na gaske, ba wancan shirmen ba." Wannan kalma ta shirme ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da asalin baƙon. Na ɗan yayana jabu ne, amma wanda aka kwaikwaya sunansa Optimus Prime, shugaban wasu mutum-mutumi masu rikiɗa da ake kira Transformers. Wani kamfanin Japan mai suna Takara shi ya fara ƙera shi. Daga baya kamfanin Hasbro na Amurka ya sayi izni, ya fito da shi kasuwa a 1984, aka sa marubutan Marvel suka raɗa wa kowane suna, suka ƙaga masa hali da tarihi, aka kuma yi fim ɗin zane a talabijin. Wato ba labari ne ya haifi abin wasan ba, abin wasan ne aka nemo wa labari domin ya sayu. In ana neman shaida, a dubi abin da ya faru a 1986. Da suka so su kawar da tsohon kaya su shigo da sabo, sai suka kashe Optimus Prime a cikin fim, yara suka yi ta kuka a gidajen sinima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, ala tilas aka tashe shi a 1987. Yau kuma yaran wancan zamani sun zama magidanta, suna sayen tsofaffin da tsada, wasu ma ba sa buɗe kwalin, don wai buɗewa na rage daraja. Abin wasan da ba a wasa da shi! Allah mai iko.

To, me ya burge dattijon namu? Rikiɗa. Alhali kuwa rikiɗa ba baƙuwar Bahaushe ba ce, tatsuniyoyinmu cike suke da ita, daga mutumin da ke zama kura har ɓaunar da ta zama budurwa don ta yaudari maharbi. Kuma in dai rikiɗa ake so, wannan roba kama biyu kacal ta sani, mutum da mota, su ma wani injiniya ne ya yanke su tun a masana'anta. Aikin yaro kawai ya bi matakan da aka shata masa. Ran da ya haddace su, wasa ya ƙare.

Yanzu a dubi kara. Yaro zai zaɓi sille mai kyau, ya feƙe ɓawon da haƙori ko reza, ya fid da totuwa, ya yanka ta daidai da daidai. Ɓawon nan shi ne ƙusa, shi ne gatarin taya, in bai isa ba a nemo ƙaya. Taya kuwa daga sakaina, ko tsohon silifa, ko murfin kwalba. Dole ya auna, domin in gefe ɗaya ya fi tsawo motar za ta karkace, abokai su yi masa dariya. Dole ya je bakin titin Kano zuwa Daura ya ƙura wa tirela ido, ya ƙirga tayoyinta, ya ga inda kai ya haɗu da bodi. Kuma karan da ya zama mota yau, gobe shi ne tabarau, jibi keke ko jirgin sama ko rediyo. In ta karye, ga gona nan. Ni kaina har yanzu akwai tabon ɓawon kara a ɗan yatsana, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Shin tsakanin yaron nan da mai murɗa roba, wane ne ya kama hanyar zama maƙeri?

Zan yi adalci. Iyayenmu ba don mugunta suke korar yara daga kara ba. A wannan yanki namu na arewacin Kano gona na manne da gona, ba daji, ba saura, saboda haka kara dukiya ne. Shi ne danga, shi ne makamashi, shi ne abincin dabbobi da rani, har sayar da shi ake yi. Wanda ya zare kara daga dangar babansa ya ci dukan da ya sha. Amma kara nawa mota ɗaya take ci? Kuɗin saƙagon nan guda ya isa ya sayi karan da yaran unguwa za su yi wasa da shi har damina ta faɗi. Ba kuma cewa nake a hana shigo da kayan wasa ba. Abin da nake ƙi shi ne babba ya tsaya a gaban yaro ya kira aikin hannunsa shirme, ya kira abin da aka sayo na gaske. Yaron da ya ji haka sau uku ya gama koyon darasi: abin kirki daga waje yake zuwa, nasa hannun ba na komai ba ne sai miƙa kuɗi.

Laifin ma har da mu ɗaliban Hausa. Muna ta rubuce-rubuce a kan langa da dara da 'yartsana, amma mu nawa ne suka taɓa zama da yaro suka rubuta sunayen sassan motar kara, da yadda ake haɗa su, da bambancin ta Bichi da ta Dambatta, in akwai? Ina kira ga shugabannin Ƙungiya, a bikin Makon Hausa mai zuwa a ware tebur guda, a gayyato yara daga ƙauye da karansu da rezarsu, su ƙera a gaban malamai, a ba wanda ya fi kyauta.

Af, na manta ban faɗa muku ƙarshen saƙagon ba. Kwana uku ya yi, hannun dama ya ɓalle daga kafaɗa, ba mai gyara a duk ƙauyen. Ran da zan dawo makaranta na gan shi a bayan wata tirelar kara ta ɗan maƙwabcinmu, an ɗaure shi da zare, ana jan sa zuwa bakin rijiya.