Allurar ƙarfi da ƙwayar ƙiba: wa zai tsawata wa masu teburin magani a Tarka?



Yau zan taɓa inda ke ciwo, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Akwai wani yaro a danginmu, ba zan kama suna ba, ya yi shekara huɗu a Libiya. Ya tafi siriri kamar karan dawa, ya dawo riga ba ta shiga kafaɗarsa. Kowa na cewa "kai, bida ta karɓe ka!" Aka yi mishi aure. Shekara uku shiru, ko ɓatan wata babu. To kun dai san halinmu, yarinyar aka sa gaba. An kai ta wurin malam, an kai ta wurin mai saiwa, uwar miji har ta fara zancen a ƙaro wata. Da ƙyar aka lallaɓa shi ya je Damagaram aka auna shi. Lokotoro ya dube shi ya ce: "Wace allura kake yi?" Sai ya sunkuyar da kai. Ashe tun a can wani abokin ɗaga ƙarfe ya koya mishi allurar kumbura damtse, kuma da ya dawo gida bai rasa mai kawo mishi ba.

Shekara uku baiwar Allah na shan gori a kan laifin da ba nata ba. Wannan shi ya sa ni rubutu.

Abin da ke cikin allurar nan shi ne sinadarin mazakuta, wanda lokotoroci ke kira testosteron, ko 'yan uwansa irin su nandrolone da stanozolol. Jikin namiji na yin nashi da kanshi. Masana a Turai sun gano yadda ake haɗa shi a 1935, kuma magani ne na gaskiya. Ana ba namijin da jikinshi ya kasa yin sinadarin, da yaron da balagarshi ta yi jinkiri sosai, da wanda ciwon sida ko ƙunar wuta ta cinye wa nama, da masu wani irin ƙarancin jini. Amma sai an auna jini, sai da takardar lokotoro, kuma ana bin mutum da awo.

Mai lafiya da ya ɗura wa kanshi shi fa? Ƙwaƙwalwa na ganin sinadarin ya yi yawa a jini, sai ta ba maraina umarni su tsaya da aiki. Su tsuke, iri ya ragu, wani ma ya ƙare ƙaf. Don ku san ba tatsuniya ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin hana haihuwa na maza, sakamakon ya fito a 1990, kuma yawancin waɗanda aka yi wa irinsu ya ɗauke. Ka ga saurayi ya sayi maganin hana haihuwa da kuɗinshi, yana tsammanin mazakuta ya sayo! Ban da wannan akwai fitowar nono ga namiji, ƙuraje a baya, hawan jini, lalacewar hanta, kaurin tsokar zuciya, da saurin fushi. Yaron da bai gama girma ba kuwa ƙashinshi na iya tsayawa, ya dawwama gajere. Ga kuma allura ɗaya da ake karɓa-karɓa, hanyar ciwon hanta da sida.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai Turawa na yi, ga su nan a waya jiki kamar bijimi." Ku tambayi Ben Johnson na Kanada. Ya ci tseren mita 100 a gasar Olamfik ta birnin Seoul a 1988 cikin daƙiƙa 9.79, kwana uku ba a cika ba aka ƙwace zinariyar don an samu stanozolol a fitsarinshi. Ku tambayi 'yan wasan tsohuwar Jamus ta Gabas, waɗanda hukuma ta riƙa ba ƙwayoyin nan da sunan bitamin, 'yan mata murya ta koma ta maza, gashi ya fito musu a fuska, har bayan faɗuwar ƙasar aka kai wasu likitoci da shugabannin wasanni kotu. Amurka tun 1990 ta sa su cikin jerin ƙwayoyin da sayar da su ba takarda laifi ne. Su da suka haɗa abin sun ɗaure shi da igiya, mu kuma mun shimfiɗa shi a rana.

Kada mata su ce zancen maza ne. A gaskiya abin da ya fi yawa kan teburan kasuwanninmu ma nasu ne: dexa, wato dexamethasone, da ake sha don amarya ta ciko kafin biki. Dexa dangin steroid ce amma aikinta daban, ba ta gina tsoka. Magani ce babba ta kumburi da asma, kuma a 2020 binciken jami'ar Oxford ya nuna tana rage mutuwar masu korona da ke kan injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma mai sha don ƙiba, fuska ce ke yin faifai, ciki ya tara kitse, ƙafafu su sirance. Bayan nan sai ciwon suga, hawan jini, ƙashi ya yi taushi, ƙaramin ciwo ya kayar da ita. Da kumburi da ƙiba ai kowa ya san ba ɗaya ba ne. Kuma mu maza mu daina wanke hannu. Mu ne ke cewa "wance ta rame, mijinta ba ya ciyar da ita." Bakinmu ne ke tura su wurin mai tebur.

Yanzu ga mahukunta. Doka tana nan: tun 1997 Nijar ke da dokar harkar magunguna, wadda ta bar sayar da magani a hannun masu farmasi da wuraren da aka ba izini. A watan Janairu na 2020 ƙasarmu na cikin ƙasashen Afirka da suka shiga alƙawarin birnin Lome na yaƙi da jabun magunguna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin magani goma ɗaya jabu ne ko maras inganci. To ina dokar take ranar kasuwa? Tire a ka, kwali a kan babur, magani na gasuwa a ranar Damargu, mai sayarwa ko sunan abin bai iya karantawa ba, amma shi ne lokotoro, shi ne mai allura. Ana farautar tramol, madalla, a ci gaba. Amma don dexa da allurar damtse ba sa sa maye, sai a kau da kai? Ɓarnarsu a hankali take zuwa, ba ta ihu, shi ya sa ba a jin ta.

Wani zai ce talaka ne yake neman abinci, kuma daga wani ƙauyen zuwa farmasi tafiyar yini ce. Gaskiya ne, kuma shi ya sa dole a wadata gidajen likita na karkara da magani mai sauƙin kuɗi. Amma nisan asibiti hujja ce ga mai neman maganin zazzaɓi. Ba wanda rashin kaurin damtse ya taɓa kwantarwa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Magajin gari da hukumomin Belbeji da Tanut su zaga kasuwanni tare da ma'aikatan lafiya, a kwashe waɗannan daga kan tebur. Sarakuna da masu unguwanni su kira 'yan tebur su ja musu kunne. Shugabannin samari da na 'yan kokowa su yi magana a fada. Langa-Langa, wanda filin kokowar Damagaram ke ɗauke da sunanshi, da kokowa ya yi suna, kuma ƙasar hatsi da nono irin tamu ba ta rasa abin gina jiki ba.

Wanda ya riga ya fara, kada kunya ta kashe shi. Je ka gidan likita da kwalin a hannu, ka faɗi gaskiya. Da yawa irinsu na dawowa bayan an bari, ko da zai ɗauki watanni ko fiye da shekara. Ke kuma mai shan dexa da daɗewa, kada ki yanke ta rana ɗaya, yin haka na da haɗari; lokotoro ne zai rage miki sannu-sannu.

Iyayenmu mata kuma, idan aure ya yi shiru, a auna miji kafin a fara neman kishiya.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gane.